Shekarar Da Sauro Ya Yi Wuya A Tudun Kanya

Ku da aka turo koyon aiki bana, na ji abin da kuke faɗa a bakin famfo. Wai aikin Mama Rahila ba wani abu ba ne, a kashe sauro ne a leƙa gawarsa, kuma yanzu inji ma yana yi. To ku jawo benci ku zauna. Ban ji haushi ba. Mahaifiyata ma har ta bar duniya abin da take gaya wa matan cocinmu a Malumfashi ke nan: "Rahila tana aikin gwamnati a Funtuwa, sauro take kashewa." In suka ce ai kowa ma yana kashewa, sai ta ce, "Ita da takarda take kashe nata."

Sauron da ke kawo mana zazzaɓi a ƙasar nan ba iri ɗaya ba ne, amma ido ba ya raba su. Ka jera su ka duba tun safe har azahar, ƙafa ɗaya, fiffike ɗaya, baki ɗaya. Halinsu ne ya bambanta. Akwai mai son mutum, wanda zai cije ka a ɗaki, ya haye bangonka ya kwanta yana narkar da jininka. Akwai kuma wanda ba shi da zaɓe, in ya sami mutum ya sha, in ya sami saniya ya sha, kuma sau da yawa a waje yake yini. In aka fesa wa bango magani, an gama da na farko. Na biyun yana can garke bai ma san an yi ba. Shi ya sa kafin a kai wa gari feshi sai an san wane ne ya fi yawa a ɗakunansu, kuma mu ne masu faɗa.

Shaidar tana cikin cikin macen, don mace ce ke cizo, namijin ruwan fure yake sha. A jakar ƙwanta akwai wasu zaruruwa da masu littafi ke ce wa kuromosom. Malam Isuhu, wanda ya koya mini aiki, zaren gado yake ce musu. Jikinsu ratsi-ratsi ne, baƙi da fari kamar saƙi, kuma kowane iri da jerin ratsinsa, kamar yadda ake gane Bagobiri da tsagen fuskarsa. Sai dai zaren ba ya bayyana a kowace mace. Sai mai rabin ciki, wadda ta sha jini jiya, yau da la'asar rabin cikinta jini rabi ƙwai. In ka yi sammako ba ta kai ba, in ka yi jinkiri ta wuce.

Malam Isuhu mutumin Dandume ne, dogo siriri, kansa kullum a ɗan sunkuye saboda daɗewa a kan madubin likita. Ya iya aikin kamar yunwar cikinsa, abu ɗaya ne ya gagare shi. Gidajen da sauron yake, an rubuta "ba a shiga" a ƙofarsu. Sauro ba ya karatu, Malam Isuhu kuwa yana yi. Dalilin da aka nemi mace ke nan. Ranar da na je neman aikin bai dubi takarduna ba. Cewa ya yi in ɗora babban yatsana a kan tebur. Ya zagaya ta dama ya duba, ya zagaya ta hagu ya duba, ya ce, "Kina daka?"

Na ce, "Ina yi, Malam."

Ya ce, "Daga yau kin daina. Wannan yatsan ya zama kayan gwamnati."

Na koma gida na gaya wa mahaifiyata. Ta miƙo mini taɓarya ta ce gwamnatin ta zo ta gaya mata da bakinta.

Abin da na fara koya ba sauro ba ne, shinkafa ce. Kullum Malam Isuhu zai zo da dafaffiyar shinkafa a leda, ya ɗora ƙwaya ɗaya tsakanin gilashi biyu, ya ce in danne. In na danna a hankali ya ce, "Gaisuwa kike yi mata?" In na danna da ƙarfi gilashin ya fashe ya ce, "Me ta yi miki?" In yatsan ya zame gefe ko da ƙanƙani, ya ce na murje. So yake ta baje tas, ba ta zame ba. Na yi makonni a kan haka. Ragowar shinkafar kuwa shi yake cinyewa da azahar, har na fara zargin darasin ya fi tsawon da ya kamata.

Fitata ta farko wani ƙauye ne a bayan Bakori. Malam Isuhu ya aika wa mai unguwa saƙo ta bakin direbanmu, cewa ran Laraba da la'asar za mu zo neman matan sauro masu rabin ciki, kada a kore su daga ɗaki. Direban ya kai saƙo daidai, kalma ɗaya kawai ya yar a hanya, ita ce sauro.

Muka iso muka tarar da zauren mai unguwa cike da mata, kowace da tabarmarta, cikinta a gaba. Ungozomar garin tana tsaye a ƙofa tana tantancewa. Muna ji tana ce wa wata, "Ke naki ya wuce rabi, koma gida." Malam Isuhu ya leƙa ta gilashin mota, ya gyara zama, ya ce, "Rahila, don irin wannan ranar aka ɗauke ki."

Na sauka na durƙusa na gai da ungozomar, na yi mata bayani tun daga farko. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Wato gwamnati ta sayi mota, ta zuba mai, ta turo ku duba cikin sauro."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

Ta ce, "In ta haihu, ku za ku yi suna?"

Matan suka yi ta dariya har wata ta riƙe ƙugu. Amma ungozomar ba ta yi ba. Ta ce ba za mu shiga ɗakin kowa ba sai mun yi alkawarin kawo mai awon ciki ta gaskiya, tunda an ɗaga mutane daga aikinsu. Muka yi alkawari, mako na zagayowa muka roƙi wata nas ta biyo mu. Daga ranar duk saƙon da za mu aika, da kalmar sauro muke fara shi, da ita muke rufewa.

Kama su ba wuya a baki. Za ki fitar da abinci da ruwan sha da kaji, ki shimfiɗa farin yadi a ƙasa da kan gado da kan komai, ki toshe taga, ki fesa magani, ki rufe ƙofa ki jira. In kin buɗe, duk wanda ke kwance a bango ya faɗo kan yadin, sai ki tsince da hantsaki. Wuyar tana ga yadin. Farin yadi sabo ba ya da farin jini a gidan da ke da tsoho. Akwai ranar da na shiga wani ɗaki mai duhu a wajen Matazu, na lulluɓe gado da tarin tsummokaran da ke kansa. Ina juyawa zan ɗauko famfon feshi sai tsummokaran suka yi salati. Ashe kakar gidan ce ke barcin rana. Ta ɗaga yadin a hankali, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wa ya yi mini wankan?" Na ce ba a yi ba tukuna, ina nufin feshi. Sai da surukarta ta zo ta raba mu. Tun daga nan nake yi wa kowane tarin kaya sallama kafin in rufe shi.

Masu rabin cikin a kwalba muke zuba su, cikin wani ruwa mai tsami da ke hana su lalacewa. Warinsa yana bin mutum har gida. Na sha shiga motar haya a ce wa ya ɗauko tsohon kunun tsamiya. A ofis sai ki ɗora mace ɗaya a gilashi, ki riƙe ta da allura, ki ja bayan cikinta da wata allurar, jakar ƙwai ta fito fara sol, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ki ɗiga mata rini ja kamar zoɓo, ki rufe da siririn gilashi, sannan ki kawo babban yatsa. Nan shinkafar Malam Isuhu take aiki. In kin danna daidai, zaren ya miƙe ya baje ratsinsa. In kin murje, abin da za ki gani a madubi kamar akuya ta tauna ɗankwali ta tofar.

Karatun ratsin shi ne ya ci mini shekaru. Akwai hotonsa a bango da lambobi da haruffa, amma Malam Isuhu ya raɗa wa kowane wuri sunansa. Akwai Tagwaye, ratsi biyu da ba sa rabuwa. Akwai Macijin Da Ya Haɗiyi Kwaɗo. Akwai wurin da zaren ke yin zarge, shi kuma Rikicin Gado yake ce masa. Likitocin ofis, waɗanda su ne ke yanke inda za a kai feshi, sukan shigo su tarar muna gardama ko Tagwaye sun riga Maciji ko Maciji ya riga su. Sai su ja ƙofa a hankali su dawo daga baya.

Shekarar da nake son ku ji labarinta, damina ta fara da kyau, sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ke goyo. Kududdufai suka bushe. Sauro kuwa a kududdufi yake haihuwa. Mukan shimfiɗa yadi a ɗaki bayan ɗaki mu naɗe shi fari kamar yadda muka kawo shi. Da aka fita roƙon ruwa a Funtuwa, Malam Isuhu ne a sahun gaba, har ana yaba masa tausayin manoma, shi da ba shi da ko kunya ɗaya ta gona.

Amma akwai garin da farin bai sauƙaƙa wa zazzaɓi ba, Tudun Kanya, a hanyar Malumfashi. Suna da tafki a bayan gari wanda ba ya ƙafewa, ga shanu suna tattake bakinsa, kowane sawun kofato ya zama ɗakin haihuwa. Yara suna ta kwanciya. Maganin feshi kuma kaɗan aka kawo a shekarar, aka ce sai garin da aka tabbatar mai kwana a bango ne ya fi yawa a cikinsa za a ba. Masu feshi suna shirin fita. In ba mu kai shaida ba kafin su tashi, Tudun Kanya sai baɗi.

Muka aika wa mai garin, Alhaji Sale, saƙo mai sauro a farko da ƙarshe. Alhaji Sale mutum ne mai son a fita kunyar baƙo. Abin da ya shiga kunnensa shi ne ma'aikatan gwamnati za su shiga ɗakunan mutanensa su duba. Ya sa aka yi shela kowa ya gyara ɗakinsa. Ranar da muka iso garin yana ƙamshin ɗoɗɗoya, kowane ɗaki an share, an kakkaɓe yana, an turara hayaƙi har bango ya yi ɗumi. Na shiga ɗakuna har ƙafata ta gaji. Abin da na samu ƙuda ɗaya ne, shi ma da alama baƙo ne.

Malam Isuhu ya zauna da mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode da karamci. Amma so muke a bar ɗakunan yadda suke. Kada a share, kada a yi hayaƙi. Sauron muke so."

Mai gari ya yi murmushi ya ce, "Na gane, Malam. Na gane sarai."

Abin da ya gane shi ne gwada shi ake yi. Da muka dawo, bayan shara da hayaƙi har farar ƙasa aka shafa. Malam Isuhu ya tsaya a tsakar gari yana kallon bangon nan farare tas, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

Ina naɗe yadi a wani gida sai wata dattijuwa, Gwaggo Tabawa, ta riƙo gefen zanena. Tana goye da jikarta, yarinyar da ta isa gudu da ƙafarta, amma ta kwantar da kai a bayan kakar, jikinta kamar garwashi. Ta ce wannan ce kwanciyarta ta uku tun farkon damina, kuma maƙwabtansu sun binne nasu yaron wancan makon.

Ta ce, "'Yar nan, da gaske in kun sami sauron za a kawo maganin?"

Na ce, "In irin da ake nema ne, Gwaggo. Ba zan yi miki ƙarya ba, sai mun duba."

Ta waiga dama da hagu ta ce, "To akwai ɗaki ɗaya a garin nan da tsintsiya ba ta san hanyarsa ba. Amma kada ki ce ni na faɗa."

Ɗakin Baba Barmo ne, a ƙarshen gari wajen tafki. Tsoho ne mai gyaran keke, matarsa ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai yake zaune. Taubashin mai gari ne, kuma tun suna yara duk abin da Alhaji Sale ya ce, akasinsa yake yi. An ce ranar da mai gari ya hana kiwon agwagi a bakin rijiya, a ranar ya sayo guda biyu, shi da ba ya cin namansu.

Muka same shi a ƙofar ɗaki yana faci. Na gaishe shi na faɗi buƙata. Bai ɗago ba ya ce, "Sale ne ya aiko ku?"

Malam Isuhu ya yi saurin cewa, "A'a, Baba. Shi cewa ma ya yi kada mu zo nan."

Ya ajiye tayar ya ce, "To ku shigo." Har mun ɗaga ƙafa sai ya ce, "Tsaya. In abin nan na taimakon gari ne, mai gari ya zo da kansa ya roƙa. Kuma shi zai riƙe bakin yadin."

Aka je aka gaya wa Alhaji Sale. Ya zo cikin babbar riga, jama'a na biye da shi, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci.

Ya ce, "Barmo, ka rufa mini asiri. Baƙi ne."

Barmo ya ce, "Wa ya share garinsa har ya kori arziki?"

Mai gari ya shiga gyara hularsa.

"Ina tambaya ne, Sale."

Mai gari ya dubi Gwaggo Tabawa da ke tsaye a gefe da yarinyar a baya, ya ce, "Ni ne."

"Wa ya yi haƙuri ya tara?"

"Kai ne."

"To naɗe hannun riga."

Na shiga ɗakuna da yawa a rayuwata, ban ga irin wannan ba. Ƙarafunan keke har rufi, tsofaffin tayoyi, buzu, tukwanen da ba su da gindi, rigunan da ke rataye tun matarsa na da rai, da kaza a kan ƙwai cikin kwandon keke. Yadinmu bai isa ba sai da aka aro zannuwan gado. Mai gari ya riƙe baki ɗaya yana atishawa, ni na riƙe ɗaya. Muka fitar da kazar da kwandonta, na fesa, muka rufe.

Da muka buɗe, yadin ya yi baƙi. Malam Isuhu ya durƙusa a bakin ƙofa yana duba su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Rabin ciki. Rabin ciki. Wannan ma rabin ciki." Baba Barmo ya tsaya a kansa ya harɗe hannu a baya kamar mai nuna garken shanunsa, yana ce wa jama'a, "Duk ni na ciyar da su."

Sai dai Malam Isuhu ya faɗa a gaban kowa cewa ɗaki ɗaya ba ya zama shaidar gari. Can wani magidanci ya matso kusa da ni ya ce a hankali, akwai ɗakin baya a gidansa da ya sa wa kwaɗo ranar shara, ya ce wa mai shela makullin ya ɓata. Wani ya ce shi ma ɗakin tsohuwarsa ba a taɓa ba, don ta ce duk wanda ya shigo da tsintsiya da ita zai fita a ka. Kafin mu kai mota, kusan kowane gida ya tuna da ɗaki ɗaya. Mai gari yana ji, yana kallon mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Washegari da la'asar muka dawo muka bi ɗakunan nan duka, muka cika kwalabe.

Za mu tafi sai ga Baba Barmo da hularsa ta zuwa kasuwa, ya buɗe mota ya shiga gaba.

Ya ce, "Jinina ne a cikinsu. Jinina ba ya zuwa inda ban sani ba."

Ba yadda muka iya. Ya rungume akwatin kwalaben a cinya har Funtuwa, duk ramin da direba ya faɗa sai ya ce masa ya yi a hankali, akwai masu ciki a motar. A zauren Malam Isuhu ya sauka, kuma matar Malam ta ce ba ta taɓa ganin baƙon da ke tambayar abin da za a dafa gobe tun bai gama na yau ba.

Da safe ya biyo mu ofis ya ja kujera kusa da ni. Na fede ta farko, na rina, na danna. Ya ce sai ya gani. Ya kafa ido a madubi ya daɗe, ya ce yana ganin ciyawa baƙa tana motsi. Na ce gashin idonsa ne, ya ɗan ja baya. Da zaren ya fito masa sai ya ɗago kai.

Ya ce, "Wannan ɗan tsumman ne ya hana ni barci shekara da shekaru?"

Malam Isuhu ya karɓa ya duba, ya ɗago ya ce, "Mai bin shanu ce."

Baba Barmo ya ce, "A ɗakina? Wato ni da saniya kwano ɗaya muke?"

Muka yi dariya. Na fede ta biyu, ita ma mai bin shanu. Ta uku ma haka. Dariyar ta tsaya. In haka sauran suke, feshin bango ba zai yi wa Tudun Kanya abin kirki ba, kuma haka za mu rubuta, don ba a yi wa zare ƙarya. Baba Barmo ya duba fuskokinmu ya gane. Ya matso ya ce mini, "'Yata, ba za ki ɗan danna ta yadda za ta zama ɗayar ba?"

Na ce, "Baba, yatsa ba ya canza asali."

Ya koma ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ranar ko zancen abinci bai yi ba. Ta huɗu ta fito mai kwana a bango. Ta bayanta ma haka. Muka yi ta yi, ni ina dannawa Malam yana karantawa, in idonsa ya gaji mu yi musanya. Aka ɗauke wuta muka jawo tebur bakin taga muka ci gaba da hasken rana. Kwanaki muka yi a kai. Da muka gama kwalaben gidaje duka, masu kwana a bango sun rinjaya nesa ba kusa ba. Ashe ukun farko daga garken bayan ɗakinsa suka shigo yini. Malam Isuhu ya kai wa likitoci sakamako da hannunsa, aka sa Tudun Kanya cikin garuruwan feshi ana jibi masu feshi za su tashi.

Dokar feshi ita ce a fitar da komai daga ɗaki, a share, sannan a fesa. Ɗakin Baba Barmo ya ci wa samarin gari yini guda. Aka jera kayansa a fili har suka tare hanyar tafki. Shi kuwa yana zaune a kan turmi, mai gari a gefensa yana ba da umarni da murya mai daɗi, "A share sosai. A shiga lungu."

Baba Barmo ya dube ni ya ce, "Sakayyar da gwamnati ke yi wa mai taimako ke nan?"

Damina ta zagayo, ruwa ya sauka sosai a wannan karon, muka koma duba ko feshin ya yi aiki. Alhaji Sale ya riga ya koyi darasi. Tun mako guda kafin zuwanmu ya sa aka yi shela cewa duk matar da aka kama da tsintsiya za ta yi bayani a fada. Matan garin suka tare ni da murna, wata har da kyautar ƙwai, suna tambaya ko za mu riƙa zuwa duk wata.

Na shimfiɗa yadi a ɗaki bayan ɗaki. Nan ɗaya, can babu, can biyu. Ɗakin Baba Barmo ma, wanda ya riga ya mayar da kayansa yadda suke har da ƙari, abin da ya faɗo bai cika tafin hannu ba. Malam Isuhu ya dubi yadin yana ta murmushi. Mai gari kuwa hankalinsa ya tashi. Ya ja mu gefe ya ce, "Malam, ku yi haƙuri. Wallahi ba mu share ba."

Malam Isuhu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai abin da ake so ke nan. Maganin ya ci."

Mai gari ya ce, "Na gane." Da na ji kalmar nan na tuna da wancan karon.

Muna shan fura a ƙofar fada sai ga babur ya tsaya. Ƙanen mai gari ya sauko da wata ƙwarya an ɗaure bakinta da ɗankwali, tana ƙugi. Ashe tun da aka ga yadin farko ya fito fari, Alhaji Sale ya tura shi wani ƙauye da ba a yi wa feshi ba ya aro mana sauro. Da rai ya kamo su, ɗaki-ɗaki, da kofi.

Mai gari ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a gabanmu ya ce, "Baƙo ba ya zuwa garina ya koma hannu wofi." Ya juya ga jama'a ya ɗaga murya, "Kada wanda ya buɗe ƙwaryar nan."

Ni da Malam Isuhu muka dubi Baba Barmo a tare, amma mun makara. Ya riga ya kama bakin ɗankwalin.

Suka tashi kamar hayaƙi. Malam Isuhu ya ce a kashe su kafin su sami ɗaki, gari duka ya miƙe. Maza da huluna, mata da mafifici da faifai, yara da hannu, kowa yana tsalle yana tafi a iska. Mai gari yana bin ɗaya da hannun babbar riga, Baba Barmo yana bayansa yana nuna masa wata dabam. Jikar Gwaggo Tabawa ce a gaban yaran, tana gudu tana tafi, ba ta kashe ko ɗaya ba.

Wata motar kasuwa da ta fito daga Malumfashi ta rage gudu a bakin hanya. Direban ya leƙo ya ga gari duka ana tafi ana tsalle, ya tambayi Gwaggo Tabawa, wadda ke tsaye da faifai a hannu tana haki, "Iya, bikin wa ake yi?"

Ta ce, "Ba na kowa ba ne, ɗan nan. Bana dai yaranmu ba su kwanta ba."